Mataimakin hira na ƙirƙirarriyar basira a aikin magunguna

Mataimakin hira na ƙirƙirarriyar basira a aikin magunguna manhaja ce da ake yi wa tambaya a rubuce ko da murya, ita kuma ta ba da amsa kamar mutum, wadda aka keɓe ta musamman domin taimaka wa masana harhaɗa magunguna da ma'aikatan kantin magani. Akasari ba a gina irin wannan manhaja daga tushe. Ana ɗaukar wadda manyan kamfanoni suka riga suka samar, irin su ChatGPT ko Gemini, a rubuta mata ƙa'idojin aiki, a ɗora mata takardun da za ta riƙa dubawa kafin ta yi magana. Ana amfani da ita wajen binciko bayanin magani, rubuta wa majinyaci yadda zai sha maganinsa, da lura da kayan da ke cikin shago. A dokar Najeriya, alhakin maganin da aka bayar yana wuyan mai lasisi, ko da manhaja ce ta ba shi shawara.

Tarihi

Kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Bayan shekara guda, a Nuwamban 2023, ya ba masu amfani da ita damar shirya nasu mataimakin ba tare da sun iya rubuta manhajar kwamfuta ba. Google ya biyo baya a 2024 da tsarin da ya kira Gems, kuma a shekarar ce Meta AI ya shiga WhatsApp a Najeriya. Wannan na ƙarshen ne ya kai fasahar hannun jama'a da yawa a Arewa, domin duk mai babbar waya yana iya tambayarsa a cikin manhajar da ya saba da ita. A Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan amfani da irin waɗannan manhajoji a harkar lafiya, inda ta yi gargaɗi a kan amsoshin ƙarya da kuma dogaro da na'ura fiye da kima.

Yadda ake shirya shi

Matakin farko shi ne rubuta umarnin aiki. A nan mai shiryawa yake faɗa wa manhajar wanda za ta yi wa hidima, harshen da za ta yi magana da shi, da abin da aka hana ta. Mataimakin da aka yi wa ma'aikacin asibiti daban yake da wanda jama'a za su riƙa tambaya kai tsaye. Na biyun ana hana shi faɗin cutar da ke damun mutum ko zaɓa masa magani, ana kuma umartarsa ya tura mai tambaya asibiti nan take idan ya ambaci jijjigar yaro, zubar jini ga mai juna biyu, ko wahalar numfashi.

Daga nan sai a ɗora masa takardu. A Najeriya waɗanda suka fi dacewa su ne jerin muhimman magunguna na ƙasa, kundin ƙa'idojin jinya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da takardun bayani da ke zuwa a cikin kwalin magani. Idan aka yi tambaya, manhajar kan fara lalubo sashen da ya dace a cikin waɗannan takardu, sannan ta tsara amsa daga gare shi. Shekarar da aka buga takardar tana da muhimmanci ƙwarai. Najeriya ta daina ɗaukar chloroquine a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro tun tsakiyar shekarun 2000, ta koma haɗin magunguna masu artemisinin. Mataimakin da aka ɗora wa tsohon littafi zai ci gaba da ba da tsohuwar shawara cikin kyakkyawar Hausa ko Turanci, ba tare da alamar shakka ba.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Masanin magunguna yakan jera tambayoyin da ya riga ya san amsarsu, har da masu tarko, ya ga inda manhajar za ta yi tuntuɓe. Misali, adadin ƙwayoyin artemether da lumefantrine ya danganta ne da nauyin jiki: ƙwaya ɗaya a kowane sha ga yaro mai nauyin kilo 5 zuwa 14, biyu ga mai kilo 15 zuwa 24, uku ga mai kilo 25 zuwa 34, huɗu ga wanda ya kai kilo 35, sau biyu a rana har kwana uku. Mataimakin da aka shirya da kyau zai nemi nauyin yaron kafin ya faɗi adadi. Ana maimaita gwajin duk lokacin da kamfanin ya sabunta manhajar, saboda halinta kan canza.

Kurakurai

Waɗannan manhajoji suna aiki ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa tarin rubutun da aka horar da su da shi. Shi ya sa suke iya ƙirƙiro bayani ko sunan littafin da babu shi. A Disambar 2023 masu bincike daga Jami'ar Long Island ta Amurka suka gabatar da sakamakon tambayoyi 39 kan magunguna da suka yi wa ChatGPT na kyauta, inda amsoshi 10 kawai suka gamsar da su. A ɗaya daga ciki manhajar ta ce babu illa a haɗa Paxlovid da verapamil, alhali haɗin yana iya saukar da hawan jini fiye da yadda ake so. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, kuma ɗora musu takardu yana rage kuskure, amma bai kawar da shi ba.

Yanayin Birnin Kudu da Gwaram

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa misali ne na irin wurin da fasahar za ta iya amfani, kuma inda haɗarinta ya fi fitowa fili. A garin Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, mai sashen magunguna da ƙwararrun ma'aikata, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya. A baya asibitocin gwamnatin jiha sun riƙa samun magani ta hannun hukumar JIMSO. A ƙauyuka kuwa, musamman a yankin Gwaram mai iyaka da Jihar Bauchi, wanda mara lafiya yake fara zuwa wurinsa shi ne mai kemis. Lasisin mai kemis bai ba shi izinin sayar da kowane magani ba, sai waɗanda ke cikin jerin da aka amince masa. Mataimakin da aka shirya domin irin wannan shago dole ya san iyakar jerin, in ba haka ba zai riƙa koya wa mai shago yadda ake bayar da abin da doka ta hana shi taɓawa.

Harshe shi ne babbar matsala. Rubutun Hausa da aka horar da manhajojin da shi kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, na Fulatanci kuma ya fi ƙaranci. Kalmomin cuta a Hausa suna da faɗi. Wanda ya ce yana fama da “shawara” yana nufin ciwon da ke sa ido ya yi rawaya, amma manhaja na iya ɗaukar kalmar da ma'anarta ta neman ra'ayi. “Sanyi” kan nufi mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura, “basir” ma haka yake tattara matsalolin ciki da dama. Ma'aikacin da ya tashi a yankin yana gane abin da ake nufi daga tambaya ɗaya ko biyu. Don haka masu shirya mataimaki na Hausa sukan rubuta masa irin waɗannan kalmomi da ma'anoninsu, su umarce shi ya nemi ƙarin bayani kafin ya amsa. Haka batun awo: “cokali” a takardar magani mililita 5 ne, cokulan gida kuwa girmansu ya bambanta. A watan azumi kuma tambayar da ta fi yawa ita ce yadda za a sha maganin sau uku a rana tsakanin buɗa-baki da sahur, wadda amsarta ta danganta da irin maganin.

Akwai ayyukan da mataimakin ya fi dacewa da su saboda haɗarinsu kaɗan ne, kamar tunatar da mai shago magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, ko lissafin abin da zai saro kafin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa. Yawancin magani a wannan yanki daga Kano yake zuwa, inda a 2024 aka mayar da dillalai daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Manhajar hira ba ta iya gane jabun magani daga hoton kwali. Wannan aikin na lambar rajistar NAFDAC ne da tsarin kankare lamba a aika ta saƙon tes, wanda hukumar ta fara a 2010. Ƙarancin wutar lantarki da raunin intanet a wasu ƙauyuka su ma suna taƙaita lokacin da za a iya dogara da ita.

Doka da sirrin majinyaci

Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba masana magunguna da masu kemis lasisi, NAFDAC kuma ke kula da rajistar magunguna. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Abin da aka rubuta wa manhajar hira yakan tafi ne ma'ajiyar kamfanin, galibi a ƙasashen waje, don haka ake cire sunan majinyaci da lambar wayarsa da unguwarsa kafin a yi tambaya. A ƙaramin gari ko hakan ba ya isa a wasu lokuta, domin shekarun mutum da sana'arsa da cutarsa kaɗai suna iya bayyana ko wane ne.

Ana kuma hana mataimakin ba da bayanin da zai sauƙaƙa shaye-shaye. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma tramadol na cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, saboda haka umarnin aikin yakan ƙunshi ƙin amsa tambaya kan yadda za a same su ba tare da takardar likita ba.