Masaɓa da Hama: Tarihin Guduma Biyu a Ƙasar Hausa

Masu rubuta tarihi sun fi son takobi da mashi, domin da su aka ci garuruwa. Amma kuwa babu takobin da ya shiga kube sai da guduma ta daddake shi. Guduma ta girmi ƙarfe kansa, don a Lomekwi, kusa da Tafkin Turkana a ƙasar Kenya, an tono duwatsun da aka yi aikin fashe-fashe da su, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 3.3. A ƙasar Hausa kuwa, kalmar guduma ta haɗa abubuwa biyu waɗanda asalinsu ya sha bamban, watau masaɓar maƙeri da hamar kafinta.

Masaɓa ita ce 'yar gida. Narkar da tama tsohuwar sana'a ce a wannan yanki: matoyan da Bernard Fagg ya tono a Taruga, cikin shekarun 1960, sun nuna ana fitar da ƙarfe ƙarnuka da dama kafin haihuwar Annabi Isa. A gindin Dutsen Dala ma an sami alamun wannan aiki tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma labarin gargajiya ya ce wani maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya zo wurin neman tama har ya zauna. To, ƙarfen da ya fito daga matoya ba ya amfanuwa nan take, curi ne gauraye da kashin maƙera. Sai an mai da shi wuta, an hura zugazugi, an kama shi da awartaki, an ɗora bisa uwar maƙera an yi ta dukansa da masaɓa, sa'an nan dattin ya fita, ƙarfen ya haɗe. Masaɓa dunƙulen ƙarfe ce mai nauyi, ita ke yin aikin ƙarfi, muntalaga kuwa ƙarama ce, ta gyaran baki da daidaita tsini. Daga ƙarƙashinsu fartanya da garma da lauje suka fito, watau abincin gari duka a kan dukan masaɓa ya dogara. Ba banza ba sarakuna suka naɗa Sarkin Maƙera.

Abin lura shi ne, da wuya a sami guduma a gidan wanda ba maƙeri ba. Dalili kuwa, zaman mutanen da ba ya bukatar ƙusa. Magini da tubali da azara yake aiki, mai baibaya da igiya, masassaƙi kuma gizago yake sa wa gungumen itace ya fitar da turmi ko akushi, babu haɗi ko ɗaya. Ƙusa akwai ta, amma ta maƙeri ce, ɗaiɗai ake ƙera ta, don haka sai a manyan ƙyamare da ƙofofin gari ake ganinta. Masu bugu ma, waɗanda ke sa wa baƙin rini ƙyalli, da gudumar itace suke aikinsu.

Hama baƙuwa ce, sunanta ma daga Turanci aka aro shi. Ta biyo ƙusar inji, wadda ta yi arha a Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai katako da kwanon rufi da buhunan ƙusa suka fara shigowa, ofisoshi da makarantun boko suka bukaci tebur da benci da taga. Bakin nan nata mai kama da farce, na cire ƙusa ne, aikin da maƙeri bai taɓa bukata ba. Kafinta ya zama sabon mai sana'a, daga hannunsa kuma hama ta shiga gidaje, har ta zama abin aro tsakanin maƙwabta.

Jirgin da ya kawo hama shi ne kuma ya kashe matoya. Tsofaffin ƙarafan dogo, daga baya kuma na mota, sun fi tama sauƙin samu, sai aka daina haƙa da narkarwa, ilmin nan ya bi tsofaffi kushewa. Ƙira dai ba ta mutu ba. Har yanzu manomi na kai garmarsa maƙera kafin faɗuwar damina, sai dai ƙarfen da masaɓa ke duka a yau, sau da yawa sifirin tsohuwar mota ne.