Motar Haɗin Gida a Ingila: Daga Haraji Zuwa Ɗigon Man Kuloci

Sayen mota gunduwa-gunduwa a harhaɗa ta a garejin gida tsohuwar al'ada ce a Ingila, kuma haraji ne ya yi mata ungozoma. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, 'yar ƙaramar mota mai kujeru biyu, marar rufi. A wancan zamani akwai haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma bai hau kan wadda aka sayar a warwatse ba. Sai masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa sayen kayan suna ɗaure notuna da hannunsu.

Wasu na ganin dabarar gudun haraji ce kawai. Da haka ne, da al'adar ta mutu a 1973, shekarar da harajin VAT ya toshe wannan kafa, kamfanin Lotus kuma ya sayar wa kamfanin Caterham ikon ƙera Seven. Sai ga shi kamfanin Westfield ya shigo sana'ar a 1982, a 1996 kuma littafin Ron Champion ya koya wa mutane yin irin motar da fam 250, da injin tsohuwar Ford Escort da ƙarafunan da za su yi wa walda da kansu. Abin da ya raya al'adar, a ganina, shi ne mai mota ya zama makanikinta, ya ɗauki nauyin awon da injiniyoyin masana'anta ke yi wa kowa.

Kuloci ya fi komai nuna nauyin nan. Tsofaffin motocin Ford da ake fasawa don kaya waya ce ke jan kulocinsu. In ta tsinke ana gani, a canza. Da aka koma sa sababbin injuna irin Zetec da Duratec, da yawa suka rungumi boris mai aiki da man birki, wanda ke ɓoye cikin ƙwaryar da ta haɗa inji da giyabos. A masana'anta an riga an auna tazarar da ke tsakaninsa da kuloci. A gida kuwa, inji daga wata mota, giyabos daga wata, mai haɗi ne zai auna. In tazarar ta yi yawa, ko feda ba ta da matsaya, fistin ya wuce iyaka, robarsa ta saki. Feda ta yi laushi, mai ya riƙa raguwa a kwalbarsa, ɗigo ya taru a ƙasan ƙwaryar. Nan ma sai an bambance: man inji baƙi ne, man giya na da wari mai ƙarfi, man birki kuwa yana cin fenti. In ya tabbata boris ne, sai an raba inji da giyabos, a jefar da farantin kuloci in ya jiƙe, a sake awo, in ba haka ba sabon boris ma zai bi sawun tsohon.

Masu tsoron irin waɗannan motoci a kan titi suna da hujja, shi ya sa gwamnati ta kawo gwajin SVA a 1998, IVA ya gaje shi a 2009. Gwajin ya kyautata birki da fitilu da bel, kuma ya dace. Amma mai gwaji ba ya buɗe ƙwaryar kuloci, saboda haka tazarar 'yan milimitocin nan har yau tana hannun wanda ya haɗa motar.