Birnin Gazargamu: Garin da Ayari Ya Daina Sauka

Gabas da Geidam, a arewacin Jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Yobe, akwai wata tsohuwar ganuwa da ta zube ta koma tudu, ƙaya da ciyawa sun lulluɓe ta. Kewayenta ya haura kilomita shida. A cikinta ne sarakunan Borno na gidan Saifawa suka yi mulki sama da shekara 300, kuma yau yara da yawa a Potiskum, masu jiha ɗaya da wannan kufai, ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Gudun hijira ne ya haifi birnin. Bulala sun kori Saifawa daga Njimi ta ƙasar Kanem a ƙarshen ƙarni na 14, suka yi ta gararamba da rigimar gadon sarauta, har Mai Ali Gaji ya kafa Gazargamu wajen shekarar 1470. Ya iya zaɓen wuri. Ga ruwa da ƙasar noma, ga kuma bakin hanyar da ta ratsa Sahara ta Bilma da Fezzan har Tarabulus. Ayarin raƙuma na sauke dawaki da tufafi da takarda da makamai, ya ɗauki fata da hauren giwa da gashin jimina. Ya kuma ɗauki mutane. Bai kamata a ɓoye wannan ba: bayi na cikin manyan hajojin wannan kasuwa, har matafiyi Leo Africanus ya rubuta a ƙarni na 16 cewa a Borno ana musayar doki ɗaya da bawa 15 zuwa 20. Wani kaso na arzikin da ya gina masallatan jan bulo, daga hawayen ƙauyukan kudu ya fito.

Birnin ya kai ganiyarsa a zamanin Mai Idris Alooma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya aika jakadu wurin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Uku, daga baya kuma wurin Ahmad al-Mansur na Maroko. Limaminsa Ahmad bin Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, kuma a ciki akwai waɗanda ya yi da Ngizim, al'ummar da har gobe take cikin manyan mazauna Potiskum. A ganina, wanda ya dubi waɗannan yaƙe-yaƙe da idon ɗan kasuwa zai ga da yawansu na tsare hanya ne, don fatake su wuce da kayansu lafiya. Tare da fataken ne malamai suka yi ta shigowa, birnin ya yi suna a karatun Alƙur'ani da kyawun rubutunsa, har almajiran ƙasar Hausa suka saba da cewa za su tafi gabas neman karatu.

Ana yawan cewa jihadi ne ya ci Gazargamu a 1808. Haka ne, amma gini ya daɗe da tsagewa kafin ruwan ya zo. Tun a ƙarni na 17 Kwararrafa da Abzinawa suka kawo hari har bakin ganuwa. Wajen 1759 Abzinawa suka ƙwace cinikin gishirin Bilma, kantu ya riƙa bi ta Agadas zuwa kasuwannin Hausa, kuɗin fito da na zango suka koma hannun wasu. Fari da yunwa suka yi ta maimaituwa, sannan rundunar Borno ta sha mummunan kaye a Mandara wajen 1781.

Da Gwani Muktar ya shiga birnin da tutar jihadi, Mai Ahmad ya riga ya tsufa, idonsa ya tafi. Ya fice, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama, shi kuma ya nemi taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi. Suka ƙwato garin, Gwani Muktar ya rasa ransa. Ba a jima ba Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake cin birnin. Daga nan Saifawa suka haƙura da birnin. Al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814, madugai suka karkata akalar raƙumansu can, kuma lokacin da Baturen Ingila Dixon Denham ya ziyarci Gazargamu a 1823, kango ya tarar. Sarautar Saifawa kanta ta ƙare a 1846.

Kukawa ma ba ta tsira ba: mayaƙi Rabe ya rushe ta a 1893. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, haja ta juya fuska zuwa teku. Da kwalta ta zo, sai rabo ya faɗo kan Potiskum, wadda Sarkin Fika ya mayar da fadarsa cikinta a 1924, ta kuma dace da zama a mahaɗar hanyoyin Kano da Bauci da Maiduguri. Yau tirela ce ke aikin raƙumi, ana loda shanu daga kara zuwa Kudu, dillalai da 'yan kamasho na cin abinci. Harin da aka kai wa kasuwar shanun a watan Mayun 2012, wanda ya ci rayuka da dama, ya nuna wa mutanen gari yadda ciniki ke tsayawa cak idan baƙo ya ji tsoron zuwa.

Kufan Gazargamu kuwa yana buƙatar shinge da masu gadi, da masana da za su tona shi bisa ƙa'ida kafin damina da garma su ƙarasa abin da ya rage. Makarantun sakandaren Potiskum da Damaturu da Gashuwa su riƙa kai ɗalibai can.