Daga Ogan ɗin Mamman Sani Zuwa Gem ɗin Sararin Samaniya

A hutun da ya wuce na je gida El Allassane Maïreyrey, garin da mu muke kira Mairairai, a cikin ƙasar Mayahi. Bayan sallar isha'i ina kishingiɗe a tabarma sai na ji wani siririn kiɗa yana fitowa daga salular ɗan ƙanena. Na tambaye shi ko mene ne. Ya ce: "Baba, gem ne na jirgin sararin samaniya muke haɗawa da wani abokina da ke karatu a Maraɗi, ni ne mai yin kiɗan. Irin na da nake so, na Japan, don mu nan ba mu taɓa yin irinsa ba." Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa ni wannan rubutu. Yaron ya yi gaskiya cewa kiɗan gem daga Japan ya bunƙasa, amma bai san cewa a shekarar da abin ya fara tashe a can, akwai ɗan Nijar da ke zaune a Yamai yana fitar da sauti mai kama da shi ba.

Bari mu fara da Japan ɗin. A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda injiniya Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira. Wasu halittu ne ke saukowa daga sama sahu-sahu, kai kuma kana ƙasa kana harbinsu. Kiɗan wasan duka sauti huɗu ne masu kauri, suna sauka suna maimaituwa. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta da ƙarfi, saboda haka idan halittun suna da yawa sai tafiyarsu ta yi nauyi, idan ka rage su sai ta yi sauri. Nishikado ya ga haka ya bar shi yadda yake, sautin ma yana ƙara sauri tare da su, har mai wasa ya ji kamar bugun zuciyarsa ne. Rashin ƙarfin na'ura ya zama daɗin wasa.

A 1983 Nintendo ya fito da Famicom, na'urar da kwaikwayonta masu arha suka cika kasuwanninmu daga baya, da kaset ɗinsu masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa cewa akwai gem dubbai a ciki. Muryoyi biyar kawai take da su: biyu masu kaifi na ɗaukar waƙa, ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasa, ɗaya mai shuuu da ake yin ganga da fashewa da ita, sai ta biyar mai ɗaukar guntun sauti da aka naɗa. Mai tsara kiɗa dole ya yi dabara. In yana son a ji sautuka uku tare, sai ya sa murya ɗaya ta riƙa tsalle a tsakaninsu da sauri har kunne ya haɗe su. In yana son amsa-kuwwa kamar a cikin kogo, sai murya ta biyu ta bi bayan ta farko a hankali, da ƙaramin ƙarfi. Idan aka yi harbi kuwa, ƙarar harbin aron murya ɗaya take yi daga kiɗan, ta gama ta mayar. A cikin wannan ƙunci Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985, Hirokazu Tanaka kuma ya yi na Metroid a 1986, inda ya guje wa kiɗan nishaɗi don mai wasa ya ji kaɗaicin wanda ya sauka a wata duniya shi kaɗai.

To mu dawo gida. Mamman Sani Abdoulaye malamin makaranta ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro ya ga wani wakilin ƙasar Ruwanda da ogan mai aiki da lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya saye shi ya kawo Nijar. A 1978, shekarar Space Invaders, ya shiga ɗakin naɗa sauti na gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗinsa na farko. Ba makaɗa, ba 'yan amshi, shi da ogan ɗinsa da ɗan bugun ganga da ke cikin na'urar. Ya ɗauko karin waƙoƙin Fulani Woɗaaɓe da na Buzaye ya zuba su cikin sautin lantarki, ya ƙara da nasa, irin su "Salamatu". Kwafin kaset ɗin kaɗan aka buga, amma kiɗan ya shiga ko'ina, domin Muryar Sahel da Télé Sahel sun yi shekaru suna sa shi a tsakanin shirye-shirye.

Ni shaida ne. Muna yara a Mairairai babu lantarki, sai rediyon mahaifinmu mai batir da ake ratayewa a jikin rumbu. Kafin labarai akwai wani kiɗa mai sanyi da ke zuwa ya wuce, ba goge ba ne, ba gurmi ba, ba algaita ba, amma karinsa namu ne. Ba mu taɓa tambayar wanda ya yi shi ba, mun ɗauka muryar rediyon ce da kanta. Ga dare, ga rairayi ya huce, ga taurari birjik har Zara da Kaza-da-'ya'yanta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. In akwai kiɗan sararin samaniya a duniya, ni a nan na fara jin sa.

Gem kuwa ya iso mana ne ta hannun 'yan ci-rani. Bayan shekara ta 2000, da salula ta fara shigowa ƙauyuka, Nokia 3310 ta zo da Space Impact, ɗan jirgin da ke harbi yana tafiya gefe. Wayar murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, amma tana da wurin da mutum zai danna lambobi ya tsara nasa kiɗan kira. Na san samari da suka ɓata dare suna neman fitar da karin waƙoƙin finafinan Kano a ciki. Waƙoƙin finafinan su ma da fiyanon Yamaha ake kiɗansu. Ke nan kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da sautin lantarki, bai kira shi da sunan da Turawa ke kiransa ba ne kawai.

Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Ba'amurke Christopher Kirkley ya sake fitar da kaset ɗin 1978 da sunan La Musique Électronique du Niger, duniya ta san Mamman Sani, har ya fita ƙasashen Turai yana wasa. A bayansa ga Hama, matashin Yamai da ya fara da ƙaramin fiyanon Yamaha, kiɗansa ya yi ta yawo a katin waya daga hannu zuwa hannu ba tare da sunansa ba. Shi ma Sahel Sounds ne ya fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Wanda duk ya saurari Houmeissa zai ji karin jitar Buzaye cikin sautin da ya dace da gem na shekarun 1980.

Abin da ke damuna a nan shi ne, sai da baƙo ya zo daga Amurka ya kakkaɓe ƙurar kaset ɗin kafin mu san abin da muke da shi. Ban ga laifinsa ba, ya kyauta. Amma kaset ba ya jure zafi da ƙura da gara, kuma wanda ya lalace ya tafi ke nan. Kaset nawa ne ke cikin akwatunan iyayenmu a Mayahi da Tasawa da Maraɗi, na makaɗan gari da na wasannin Samariya na zamanin Seyni Kountché, waɗanda babu wanda ya juye su zuwa waya ko kwamfuta? Idan suka ɓace, yaro kamar ɗan ƙanena zai ci gaba da cewa ba mu taɓa yi ba, kuma babu abin da za a nuna masa.

Washegari na tura masa kiɗan Mamman Sani da na Hama, na kuma tuna masa Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika Najeriya da Nijar. Na ce masa: "Ɗana, mutanen Japan muryoyi biyar suka samu suka yi abin da kake sha'awa, Ɗan Maraya ɗaya ya samu. Koyi dabararsu, amma karin ka ɗauko shi daga gida." Ya zauna ya saurara har sau uku bai ce komai ba. Kafin in taho ya sa mini sabon abin da ya haɗa: murya mai kauri tana bin takun kalangu, mai kaifin kuma tana jan wani kari irin na masu daka. Bai gama gyaruwa ba, gangar tana riga waƙar gudu. Ya ce zai gyara, kuma ya roƙe ni in nemo masa akwatin kaset ɗin kakansa kafin damina ta sauka.