Allura da Ƙyalle a Tudun Wadar Kaduna

Tudun Wadar Kaduna ba ta cikin garuruwan da ke alfahari da ganuwa ko da jerin sarakuna na ɗaruruwan shekaru, domin kuwa ita kanta Kadunan ba ta zama gari ba sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa wurin a wajejen 1911, Gwamna Lugga ya zaɓe shi ya zama mazaunin soja, sa'an nan aka taso da hedkwatar Jihar Arewa daga Zungeru zuwa can a 1917. Mutanen da suka cika unguwar baƙi ne daga Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato da Borno da ƙasar Nufe, har ma maƙwabciyarta ta ɗauki sunan Tudun Nufawa. Wanda ya baro garinsu neman abinci kuwa ba ya iya ɗauko karofin rini, ba ya iya ɗauko maƙera da uwar maƙera a ka, amma allura da zare ko a cikin hula aka soke su sun isa guzuri. Saboda haka ɗinki yana cikin sana'o'in da suka fara kafuwa a wannan unguwa, ya kuma zo da tarihin da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Lokacin da Bajamushen nan Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar arzikin birnin ya dogara ne bisa tufa, har ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da kuɗin wuri miliyan 300, ana kai shi Timbuktu da Gat da Tarabulus. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, babbar rigar da ta jawo wa ƙasar Hausa wannan suna ba daga faffaɗan yadi ɗaya ake yanko ta ba. Masaƙi yakan fitar da saƙarsa siririya, faɗinta bai wuce yatsu kaɗan ba, maɗinki ya bi ta tsiri bayan tsiri yana haɗawa da hannu har ta zama riga mai rufe mutum daga kafaɗa zuwa idon sawu, a sa mata cuna, a yi mata shafi a ƙasa, a ɗora mata aljihu. Ashe haɗa ƙanana su zama babba shi ne asalin ɗinkin Bahaushe tun kafin ya ga keke.

Bayan haɗi sai ado, kuma nan ne aka fi nuna gwaninta. Akan kai rigar wurin mai zayyana, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da ƙawata allon sauka da gefen Alƙur'ani, ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada, ya fitar da asake masu tsini suna gangarowa daga bakin wuya, ya murɗa tambari a ƙirjin dama, ya yanka gida biyar, ya ƙulla dagi, duk ba tare da ma'auni ba sai ido da sabo. Daga nan mai ɗinki ya karɓa, ya zauna a zaure inda haske ke faɗowa, ya ɗora aljihun rigar bisa gwiwa, yana huda ƙananan idanu yana zagaye kowane ɗaya da zare, dubbai a jere, har farin wurin ya ɓace ƙarƙashin aiki. Aska biyu takan ƙare da wuri. Aska takwas da aska tara sukan ci watanni. Malum-malum kuwa, wadda aikinta ke mamaye gaba da baya, sai mai haƙuri ƙwarai, kuma sai basarake ko attajiri ke iya biyan ladanta. Da rigunan irin waɗannan Sarkin Musulmi da sarakunan da ke ƙarƙashinsa suke yin kyauta da naɗi, dagin nan kuma shi ne ya tashi daga ƙirjin riga ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna.

Zaren da ake wannan aiki da shi iri biyu ne ya fi daraja. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, a dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa shi da mazari, launinsa ya fito kamar ƙasa-ƙasa. Akwai kuma alharini mai ja wanda fatake ke ɗaukowa ta Sahara daga Tarabulus da Gadamas. A nan ne mas'ala ta shigo, gama Shari'a ta hana wa maza sa alharini, sai dai abin da aka yi rangwame a kansa na gwargwadon faɗin yatsu huɗu, fuƙaha'u kuma sun yi ta bayani game da wanda aka cuɗa da auduga. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, tun jihadi bai yi nisa ba ya zargi waɗansu daga cikin jama'a da karkata ga son riguna da dawaki da sarauta, suka bar abin da aka fito dominsa. Duk da haka sana'ar ba ta rabu da malamai ba, bal ma ita ce ta riƙe almajirai da yawa, domin mutum yana iya tilawa da baki hannunsa na kan allura, ya ci halalinsa ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. Zaurukan Tudun Wada, wadda Allah Ya yi ta matattarar malamai da makarantun allo, sun gaji wannan ɗabi'a, musamman wajen ɗinkin hula.

Amma akwai wani reshe na wannan tarihi wanda ba a cika waiwayarsa ba, shi ne na faci da haɗin ƙyallaye, kuma a ganina darajarsa ba ta gaza ta aska takwas ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yana Halifa yakan sa tufa mai faci. Sufaye suka riƙi riga mai faci, wadda suke kira muraƙƙa'a, ta zama alamar zuhudu. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, irin wannan jibba mabiyansa suka sa, tun tana tsumma na gaske har ta koma ana yanka ƙyallaye masu launi ana jera su da tsari a bisa farar riga. Mutanenmu da suka bi hanyar gabas zuwa Makka sun gan ta da idonsu. A gida kuma ga lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi a bi shi da ɗinki layi layi domin ya tare kibiya, sau da yawa fuskarsa haɗin ja ne da fari da baƙi da rawaya, kamar yadda har yau ake gani jikin dawakin 'yan lifidi ranar hawan salla.

Turawan Amurka ma sun yi nasu yayin. Bayan babban baje kolin da aka yi a Filadalfiya a 1876, inda suka ga kayan ado na Japan, matan masu hali suka ɗauki al'adar tara guntayen siliki da karan-miski, su haɗa su barkatai ba tare da bin wani tsari ba, su bi kowace gaɓa da ɗinkin ado, su zana furanni da tsuntsaye da sunayen 'yan'uwa, har abin ya game ƙasar a shekarun 1880. Ba don sanyi suke yi ba, don sha'awa ne da nuna gwaninta, kuma jikokinsu sun adana su, yau ga su a gidajen tarihi da sunan wadda ta ɗinka da shekarar da ta gama. Na kawo wannan ne domin a gane cewa abin da iyayenmu mata suka yi a cikin ɗakunansu bai gaza nasu ba ta wajen fasaha. Inda suka fi mu shi ne adanawa da rubutawa.

Abin da ya ba matan Kaduna dama fiye da na sauran garuruwa shi ne masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, sa'an nan a shekarun 1960 Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, har Kaduna ta zama uwar masaƙun Nijeriya, dubban magidanta suna cin abinci a cikinsu. Yadi da atamfa suka wadata, teloli suka yawaita, inda duk tela ya zauna kuwa ƙyalle ba ya yankewa a ƙarƙashin kekensa. Matar da ke cikin kulle takan aiki yaro da 'yan kwabbai wurin tela, ya dawo mata da ƙunshin guntaye, ta zazzage su bisa tabarma bayan ta sauke tukunyar rana, ta ware masu kauri daga marasa kauri don kada wanki ya sa wani ya ja wani, ta daidaita gefensu da reza ko almakashi, ta riƙa gwada wannan kusa da wancan har idonta ya natsu. Sa'an nan ta kama haɗi, ta mayar da bakin ɗinkin ciki, in ta gama ta sa masa tsohon zane a baya ya zama shafi. Da haka ake samun shimfiɗar jariri, da mayafin sanyi na yara, da rigar matashi, da abin rufe kwanuka. A cikin shimfiɗa guda mai gida yana iya gane guntun rigar sallarsa ta bara, uwar gida ta nuna atamfar da aka yi mata ta fitar suna, kowane ƙyalle da labarinsa.

Waɗanda suka yi makaranta, ko suka zauna kusa da matan ma'aikatan jirgin ƙasa da na asibiti, suka koyo saƙar kwarashi da aikin ulu, suka shigo da su cikin gidaje. Budurwar da aka sa wa rana takan sami farin yadi ta zana masa tsuntsaye da furanni, wani lokaci har da jirgin sama ko hasumiyar masallaci, ta cike su da zare ja da kore da shuɗi, domin ranar jere a shimfiɗa a gadonta 'yan kallon ɗaki su san ba raguwa aka kawo ba. Wannan aiki ba a yi shi don kasuwa ba, ko da yake wadda ta ƙware takan sami na cefane da shi. An yi shi ne don kunyar zama hannu sake, da ƙin israfi, da kuma daɗin da rai ke ji in ya ga kyakkyawan abu ya fito daga abin da aka zubar.

Cibiyar harkar yadi da ɗinki a Tudun Wada kuwa ita ce Kasuwar Barci. Asalinta, a farkon shekarun 1970, zamanin da Birgediya Abba Kyari ke gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya, aka tashi 'yan babbar kasuwa domin a sake gina ta, aka kawo waɗansunsu Tudun Wada, inda rashin masu saye ya sa suka riƙa gyangyaɗi a rumfuna, sunan ya bi ta. Daga baya ta cika ta batse da 'yan yadi da 'yan gwanjo da teloli. A wannan zamani ne kuma keken aiki ya fara karɓe ado daga hannun allura, maza da yawa suka koma kansa saboda sauri, a birnin Zazzau kuwa mata suka ɗauki ɗinkin hannu na manyan riguna wanda dā aikin maza ne, suka riƙe shi har ya zama abin da gidaje da yawa ke dogara da shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk mazaunin Kaduna. Rashin wutar lantarki da tsadar man injuna da kwararowar yadin waje ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, magidanta suka watse. Zanen gado na Sin da bargon gwanjo suka yi arha har ya zama wadda ta zauna haɗa ƙyalle ana yi mata kallon mai rowa ko mai babu. A 2020 aka rushe Kasuwar Barci domin a gina sabuwa, teloli suka bazu cikin unguwanni. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa yakan fitar da aska takwas cikin sa'o'i kaɗan, ba na kuma zargin telan da ya saye shi, gama yana da iyali. Amma wanda ya taɓa juya rigar hannu ya dubi bayanta ya san ba abu ɗaya ba ne.

Rigunan maza dai sun sami masu rubuta tarihinsu. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana bin maɗinka, ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala digirinsa na dakta a kan adon tufafin Hausa a 1979. Haɗin ƙyallen mata kuwa shi ne maraya, domin ana amfani da shi har ya mutu, a mai da shi tsumman goge ɗaki, a jefar. Ina roƙon masu kula da Gidan Arewa da gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu, da malaman sashen saƙa da ɗinki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke zaune a cikin Tudun Wadan kanta, su shiga gidaje da sallama tun tsofaffin da suka yi wannan aiki suna da rai, su ɗauki hoto, su rubuta sunayen ɗinkin daga bakinsu. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan shimfiɗa a ƙasan akwatin mahaifiyarka ko kakarka, kada ka bari a yi tsumma da ita. Ka tambaye ta wa ya ɗinka, a wace shekara, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da ita.