Buta da Sabulu a Ƙofar Asibiti

Wanda ya ratsa kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya ga butoci da bokitan roba tuli-tuli, zai ce ai mutanen garin nan ba mai koya musu wanke hannu. Ga alwala kullum, ga wankin hannu kafin a sa a akushi. To, amma wankin hannun asibiti dabam ne, kuma su kansu likitoci ba su san shi ba sai da aka yi asarar rayuka.

A birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya akwai wani babban asibiti mai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomai. Abin mamaki, masu jegon da zazzaɓi ke kashewa a ɗakin likitoci sun ninka na ɗakin ungozomai wajen sau uku. Har mata kan durƙusa suna roƙo kada a kai su can.

Wani likita, Semelwais, ya rasa dalili, sai a 1847 da wuƙar fiɗar gawa ta yanki abokinsa, ya mutu da ciwo irin na matan nan. Ashe likitoci ne ke fitowa daga kan gawa su taɓa mai naƙuda! Sai ya kafa doka, kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mace 18 cikin 100 suka mutu. Kafin Yuli abin ya koma ƙasa da 3. Maimakon godiya, manyan likitoci da yawa suka ji haushi, wai an ce hannunsu na da dauɗa. Ya mutu a gidan mahaukata a 1865.

Mu komo gida. Daga Wambai zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, kuma mu mutane ne masu dubiya. Sai a yi ayari, a gaisa da wannan, a dafa goshin wancan, a buɗe kwanon abinci a bakin gado. Zumunci ne, ba shakka, amma ƙwayar cuta ba ta san ɗan'uwa ba, ruwan buta zalla kuwa ba ya fid da ita sosai sai da sabulu.

A 2020, da annobar korona ta shigo Kano, aka girke bokiti mai famfo da sabulu a ƙofofin asibitoci da bankuna, mai gadi na tsaye, ba ka wucewa sai ka wanke. Shekara 173 ke nan bayan dokar Semelwais.