Tarihin Basukur a Ƙasar Bici da Sana'ar Rayar da Tsofaffinsa

Garin Bici yana bisa hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, wajen mil 25 daga birni. Ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, mai jigawa, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Irin wannan ƙasa ce Michael Mortimore da J. Wilson suka yi wa nazari a kewayen Kano, suka buga littafinsu a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1965, inda suka nuna yadda yawan jama'a ya sa a ke noma gona kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da taki. Inda mutane suka yi yawa haka, kasuwanni kuma suka kusanci juna, tafiyar yau da kullum ba ta da nisa, amma ba ta ƙarewa. A da ƙafa da jaki ke ɗaukar wannan wahala, doki kuwa na sarakuna ne da attajirai. Basukur, wanda yanzu aka fi kira keke, shi ya shiga tsakanin jaki da doki, har aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe.

Asalinsa Turai ne. Cikin 1885 John Kemp Starley na birnin Kwabantiri a Ingila ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya ƙago tayar da a ke hura wa iska. A daidai wannan zamani ne Frank Bowden ya ɗauki wata 'yar ma'aikata a titin Raleigh na birnin Nottingham ya mai da ita babban kamfani. Sunan titin nan shi ne Hausawa suka sauƙaƙa suka ce Rali. Kamfanin Hercules kuwa an kafa shi a Birmingham cikin 1910.

Abin da ya kawo keke ƙauyukan Kano gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka fara cinikin gyaɗa gadan-gadan cikin 1912. Kamfanonin Turawa da ke sayenta su ne kuma masu kantunan sayar da kayan Ingila, watau kuɗin da ya fita ta taga ɗaya ya kan komo ta ɗayar. Da fari keke na akawuna ne da malaman En'e da dillalan gyaɗa, irin waɗanda manyan 'yan kasuwa kamar Alhassan Ɗantata ke bazawa cikin ƙauyuka. Reluwe bai bi ta Bici ba, saboda haka duk abin da zai isa tasha sai ya bi hanya, kuma mai kai saƙon farashi da sauri ya fi mai jira a gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa cikin 1949 ta riƙa yanka farashi tun kafin kaka, manomi ya sami ikon yin lissafi. Wanda gonarsa ta yi kyau ya kan biya haraji, ya yi tufafi, in da saura ya nufi kanti.

Ba a ɗauki keke abin wasa ba. En'e ta sa masa lasin, ana biya ana karɓar lamba. Samari sun riƙa naɗe shi da robobi masu launi, su ƙara masa madubi da ƙararrawa biyu, wanda bai mallaka ba kuwa ya yi haya na awa guda ya zaga gari. Amma babban aikinsa dako ne: buhun gero bisa kariya, kaji cikin akurki, mai jego a baya za a kai ta asibiti.

Dalilin da ya sa kekunan wancan zamani suka daɗe yana cikin ƙirarsu. Jikinsu bututun ƙarfe ne masu kauri, an zura su cikin mahaɗai an like da tagulla, saboda haka in wuri ya tsage mai walda ya kan iya mai da shi. Ƙafafun inci 28 ne, masu ratsa yashi da kwazazzabo ba su nutse kamar ƙanana ba. Birkin na sandunan ƙarfe ne, ba na waya ba. Gaskiya ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa shi, amma ba ya tsinkewa, kuma in ya lanƙwashe guduma ta ishe shi. Galibin waɗanda aka kawo ƙauye ba su da giya. Sirdi na fata ne bisa tankwasassun ƙarafa. Duk cikinsa babu abin da sifana da guduma da giris ba su iya kwancewa su ɗaura ba, a gindin bishiya, ba wuta ba inji.

A nan sana'ar gyara ta tsiro. Yaro ya kan fara da bugun famfo da neman huji cikin kwaryar ruwa, ya koyi faci, sa'an nan ya kai ga zuba boris da ɗaure sarƙa. Ƙololuwar sana'ar ita ce saƙar ƙafa, watau jera wayoyin da ke riƙe da'irar, a ja wannan a saki wancan har ta juya ba ta rawa. Wanda ya iya wannan ya zama gwani. Akwai kuma wani sirri da masu gyara suka sani da hannu ko ba su karanta shi ba. Kamfanin Raleigh ya yanka zaren notinsa dabam da na sauran kamfanoni, layi 26 cikin inci guda a maimakon 24, a wurin da feda ke juyawa da kuma wuyan keke. Taya da sarƙa da wayoyi na kowane kamfani su kan shiga tsohon Rali, amma waɗannan wurare biyu ba su karɓar baƙo sai da tilas, tilas ɗin kuwa ɓarna ce. Shi ya sa gwanin gyara ba ya yar da mataccen Rali. Ya kan jingine shi bayan rumfa, ya riƙa cire masa gaɓa ɗaya-ɗaya yana rayar da wani.

Raleigh ya haɗiye abokan gasarsa bi da bi: Humber cikin 1932, Rudge cikin 1943, sashen kekuna na BSA cikin 1957, shi ma kamfanin Tube Investments, mai Hercules da Phillips, ya saye shi cikin 1960. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa, har aka kafa ma'aikatar Raleigh a Kano. To, amma zamani ya juya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Ƙarin albashin Udoji ya ɗora ma'aikata bisa babur, keke ya sauka daga abin ado ya koma abin talaka. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kekunan Sin da Indiya, irin su Phoenix da Hero, suka cika kasuwa. Abin lura, waɗannan ba sabuwar ƙira suka kawo ba, tsohuwar ƙirar Ingila suka kwaikwaya, don haka kayan gyaransu suka zama abincin tsofaffin kekuna. A Nottingham kuwa an daina haɗa keke cikin 2002.

A Turai gyaran tsohon keke sha'awa ce. A ƙasar Italiya tun 1997 a ke yin wani taron hawa mai suna L'Eroica, inda a ke fitowa da kekuna irin na da, ana alfahari da ainihin fenti da ainihin tambari. A Bici ba wanda ya damu da fenti. Keken da ya shekara 60 yana iya zama jikinsa ne kaɗai na asali, ƙafafu na Indiya, sirdi an naɗe da tsumma, kariya ta maƙerin gari, yana kai tumatir kasuwar Badume. Wanne ne cikin biyun ya fi riƙe amanar maƙeransa, sai mai karatu ya auna. Su dai don aiki suka ƙera shi. Janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 ya sa mutane da yawa sun kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure.

Abin da ke barazana ga tsofaffin yanzu shi ne sikelin 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe da nauyi su kai a narke. Kowane Rali na Ingila yana ɗauke da tambarin kan zalɓe a goshi, da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi ƙarƙashin sirdi, wadda a ke iya gane zamanin ƙirarsa da ita. In aka haɗa lambar nan da bakin dattijon da ya san wanda ya fara sayensa, da kakar gyaɗar da aka saye shi, an sami shafi guda na tarihin arzikin ƙauye. Mai sikeli kuwa kilo ya ke tambaya.